Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Riƙe da Gidajen Baje Kolin Zane-zane na Biranen Lardi

Zuwa ga daraktoci, da masu tsara baje koli, da majalisun biranen da ke biyan kuɗin wuta da albashi,

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Ni ba mai zane ba ne, kuma ban taɓa zama a aji an karantar da ni tarihin zane ba. Ƙafa da ido su ne jarina. Duk garin da tafiya ta jefa ni, da na ajiye jaka na huta sai in tambayi inda gidan baje kolin zane-zanensu yake. Manyan gidajen da ke fadar ƙasa, inda baƙi daga ko'ina a duniya ke jera layi tun kafin a buɗe, suna da masu yi musu magana, ba sa bukatar bakina. Naku nake nufi, gidajen da ke biranen lardi, masu ɗakuna shida ko goma, da ma'aikatan da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da rufin da ke tayar muku da hankali duk lokacin da hadari ya haɗu. Na shiga irinsu da dama, ina kuma ƙaunarsu, shi ya sa zan yi muku magana ba kwana-kwana.

Wata Talata da hantsi na isa ɗaya daga cikinsu, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba. A kan matakala na tarar da wani magidanci sanye da kayan aiki, riƙe da hannun 'yarsa da ba za ta wuce shekara tara ba. Ƙofar ta katako ce mai nauyi, a rufe ruf, babu ko 'yar takarda da ke cewa an buɗe. Sama da ita an rataya wani ƙaton ƙyalle ɗauke da sunan wani shahararren mai zane da ranakun baje kolinsa. Mutumin ya dubi ƙyallen, ya dubi ƙofar, ya dubi takalminsa, sannan ya juya zai sauka. Yarinyar ce ta turje. Na ce masa, "Malam, tura ƙofar ake yi, kuma benen sama kyauta ne." Ya yi 'yar dariyar jin nauyi ya ce, "Ai na ɗauka sai wanda aka gayyata." Muna hawa yake gaya mini shekararsa talatin da ɗoriya a garin, kullum ta gaban ginin yake wucewa zuwa aiki, safe da yamma, bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Malamar su yarinyar ce ta ce musu akwai zanen tsohuwar gadar garin a ciki, ita kuma ta hana shi sakat.

Wannan mutumin shi ne dalilin wasiƙar nan. Harajinsa na cikin kuɗin da ke kunna fitilunku. A takarda, shi da maƙwabtansa ne masu kayan da ke rataye a bangonku, ku amana aka ba ku. Amma tsarin gidan gaba ɗaya, tun daga ƙofa har zuwa 'yan kalmomin da kuka manna a gefen zane, an yi shi ne kamar ana jiran wani baƙo daga nesa, mai digiri a fannin, wanda zai zo sau ɗaya ya yanki tikiti ya tafi. Mai gida kuwa yana waje yana duban takalminsa.

Na san abin da ke tura ku ga baje kolin aro mai babban suna. Ƙarshen shekara majalisa za ta tambaye ku mutum nawa suka shigo, kuma 'yan jaridar babban birni ba sa hawa mota su zo sai sun ji sunan da suka sani. Sai dai kun fi ni sanin abin da aro ke ci. Ga inshora, ga akwatunan da ake ƙera wa kowane zane nasa, ga motar da ke riƙe sanyi da danshi daidai, ga ma'aikacin masu kayan da zai rako su ya tsaya a kanku har a rataya. Kafin su sa hannu sai kun nuna musu cewa ɗakinku na tsayawa a wajen digiri 20 na zafi da kusan kashi 50 cikin ɗari na danshi, dare da rana, ba hawa da sauka. Bayan duk wannan wahala, me ke zuwa? Sau da yawa manyan ayyukan mai zanen ba sa barin bangon da suke, domin su ne ke kawo wa masu su jama'a. Abin da ke iso ku shi ne 'yan zanen gwaji uku, da wasiƙa guda, da hotunan ɗakin aikinsa da aka faɗaɗa don su cike bango. Ranar da nake ba ku labari na yanki tikitin na shiga, na fito cikin minti ashirin ina jin kamar an nuna mini inuwar mutum an ce na gaisa da shi. Wata uku kayan suka yi, aka mayar. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Tun da aka buɗe gidan Guggenheim a Bilbao ta ƙasar Sifaniya a 1997, ginin da Frank Gehry ya tsara ya jawo masu yawon buɗe ido zuwa garin da aka fi sani da ƙarfe da jiragen ruwa, kusan kowane shugaban majalisar birni ya yi mafarkin irinsa. Abin da ake mantawa shi ne Bilbao ta haɗa ginin da jirgin ƙarƙashin ƙasa da gyaran bakin kogi da sauran manyan ayyuka, kuma ba kowa ne ya kwaikwaya ya ji daɗi ba. A West Bromwich ta Ingila an kashe fam miliyan sama da 70 a kan wata cibiyar fasaha mai suna The Public. An buɗe ta a 2008, aka rufe a 2013, ginin ya koma kwaleji. Ba na cewa duk aro asara ne. A Lens, tsohon garin masu haƙar kwal a arewacin Faransa, gidan Louvre na Paris ya buɗe reshe a Disambar 2012 a kan filin tsohuwar mahaƙa, kuma babban zaurensa, inda aka jera ayyuka sama da 200 bisa tsarin zamani cikin ɗaki ɗaya dogo, shiga kyauta ne. Wancan aro ne da aka kawo don 'yan gari su riƙa komawa, shi ya sa ya sha bamban da na wata uku mai tikiti.

To, mu hau benen sama, inda kayanku na kanku suke, inda kuma kuka fi sakaci.

Mun sami zanen gadar a ɗaki na uku, a wani lungu kusa da ƙofar fita ta gaggawa. Fentin mai ne a kan ƙyalle, bai fi faɗin taga ba, aikin wani ɗan garin da ya rasu kusan shekara ɗari da suka wuce, wanda sunansa bai taɓa ƙetare lardin ba. Yarinyar ta fara ƙirga bakunan gadar da yatsa daga nesa, ta ce uku ne, alhali ta yanzu biyar gare ta. Ta gano wani kare kwance ƙarƙashin keken doki, wanda ni da na taɓa ganin zanen sau biyu ban lura da shi ba. Uban kuwa shiru ya yi. Can ya nuna wani dogon bututun hayaƙi a bayan gidaje, fenti bai fi shafa biyu na burushi ba, ya ce, "A nan mahaifina ya yi aiki. An rushe shi ina yaro." Mun fi minti goma a tsaye a wurin. A tsaye, domin babu benci a ɗakin, kuma na ga yadda ya riƙa sauya ƙafa.

Maganar benci ba ƙarama ba ce, kuma ba sabuwa ba ce. Tun a 1916 Benjamin Ives Gilman na gidan kayan fasaha na Boston ya yi rubutu a kan gajiyar da ke kama masu ziyara. Ya ɗauki hotunan wani mutum yana durƙusawa, yana sunkuyawa, yana ɗage, yana miƙa wuya don kawai ya ga abin da aka ajiye ko ya karanta bayaninsa. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yau mutum na shiga ɗakunanku ya ga fili fetal, an kwashe kujeru wai don kada su ɓata kyan ɗaki a hoto. A wani bincike da aka yi a gidan Metropolitan na New York, aka buga a 2001, an auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa gaban fitattun zane-zane, aka sami matsakaicin kusan sakan 27. Wasu na kawo wannan adadi don su ce mutanen yanzu ba su da haƙuri. Ni dai na ce, wanda ya taso daga aiki, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai goyo, sakan 27 ma ya yi ƙoƙari in babu inda zai ɗora jikinsa. Zane ba ya buɗe wa mutum cikinsa da kallo ɗaya. Kare na ƙarƙashin keken doki sai an daɗe ake ganinsa. Ku sa benci mai majingina, ku fuskantar da shi ga zanen da kuka fi alfahari da shi, ku kuma ajiye 'yan kujerun naɗewa a bakin ƙofa ga mai son ya ɗauka. Kuɗin akwatin aro guda ɗaya zai saya muku su duka.

Sai bayanin da kuke mannawa a gefe. Na gadar, in ban manta ba, cewa ya yi aikin "yana yi wa dangantakar sarari da ƙwaƙwalwar al'umma tambayoyi." Mutumin ya karanta, ya sake karantawa, ya dube ni. Ni ma na dube shi. Wanda ya rubuta wannan jimla da abokan karatunsa yake magana, mu da muke tsaye gaban zanen bai san da mu ba. Alhali abin da muke son sani a fili yake. Daga ina mai zanen ya tsaya ya ga gadar haka? Wace shekara aka ƙara mata baki biyu? Masana'antar me ce mai bututun, kuma mutum nawa ta ci da su? Yaya aka yi zanen ya zo hannunku, saye ne ko kyauta, kuma wa ya bayar? Duk wannan na cikin fayil ɗinku a ofis. Kalma hamsin sun isa, da manyan baƙaƙe, baƙi a kan fari, a daidai inda mai keken guragu da yaro za su iya karantawa ba tare da sun roƙi kowa ba. In kuna son gwaji, ku karanta wa mai share ɗakin bayanin da baki. In ta ɗaga kai ta dubi zanen, ya yi. In ku ta duba, ku koma ku sake.

Wanda ya ba mu amsar tambayoyinmu a ranar shi ne mai gadin ɗakin. Da farko na ɗauka zuwa zai yi ya ce yarinyar ta ja da baya, don na saba da wannan kallon da ke bin mutum ɗaki zuwa ɗaki kamar ya zo sata. Sai ya matso a hankali ya ce mata, "Kin ga karen? To duba tagar gidan nan na hagu, akwai mai leƙe." Akwai kuwa, wata 'yar fuska da ba ta fi ƙwayar ido ba. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana tsayuwa a ɗakin, ya san lokacin da hasken yamma ke sa ruwan kogin cikin zanen ya yi kamar yana motsi. Babu wani darakta ko masani da ya kalli zanen nan tsawon sa'o'in da mutumin nan ya kalle shi, amma na tabbata ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a taro ba. A 2022 gidan kayan fasaha na Baltimore a Amurka ya ba masu gadinsa 17 dama suka zaɓi ayyuka daga cikin kayan gidan, suka tsara baje koli da kansu, har da rubuta bayanan gefe. Ba sai kun yi irin wannan gagarumin abu ba. Ku dai gaya wa masu gadinku cewa an yarda su yi magana da mutane, ku kuma saurare su in sun ce ga inda jama'a ke tsayawa, ga inda suke wucewa fuu.

Akwai abin da nake kare ku a kai in na ji mutane na gunaguni, wato duhun wasu ɗakuna. Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake riƙe zanen fentin ruwa da duk abin da ke kan takarda ko yadi a hasken da bai wuce ma'aunin luks 50 ba, na fentin mai kuma a kai shi wajen 200, sannan a sauke na takarda bayan 'yan watanni a mayar da shi duhu ya huta. Gaskiya ce, amma ku faɗa wa mutane mana. Layi biyu a bakin ƙofa sun isa su mayar da "wutarsu ta lalace" zuwa "ashe lallaɓa shi ake yi." Har ma ana iya mayar da wannan takura abin marmari. Wani mai tara zane a Landan, Henry Vaughan, ya bar wasiyyar zanen fentin ruwa na Turner, shahararren mai zane ɗan Ingila, 38 ga Edinburgh, 31 ga Dublin, da sharaɗin a riƙa nuna su kyauta a watan Janairu kaɗai, lokacin da hasken rana ya fi rauni a can. Fiye da shekara ɗari ana bin wannan sharaɗi, launukan na nan da ƙarfinsu, kuma mutanen biranen biyu sun mayar da zuwa ganinsu abin da ake jira kowace shekara. Kuna da aljihunan tebur cike da irin waɗannan takardu. Me zai hana ku ware wata guda da kowa a gari zai san cewa a cikinsa ne ake fito da su?

Wannan ya kawo ni ga ma'ajiya, ɗakin da ke ƙasa ko bayan gini, mai kwaɗo biyu. Lokacin da aka bi gidajen gwamnati da na jama'a a Birtaniya aka ɗauki hoton kowane zanen fentin mai da al'umma ta mallaka, an sami sama da 200,000, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari ba a rataye suke inda ido zai gan su ba. Na san bango ba ya isa, ba laifinku ba ne. Laifin shi ne a bar zane iri ɗaya a wuri ɗaya shekara ashirin, har ɗan gari ya ce ai na taɓa shiga, na gani, alhali ninkinsa huɗu na kwance a ƙasa. A Rotterdam ta ƙasar Holan, gidan Boijmans Van Beuningen ya gina ma'ajiyar da jama'a ke shiga, aka buɗe ta a Nuwambar 2021, da kaya sama da 150,000, mutum na iya kallon masu gyaran zane suna aikinsu ta gilashi. Ba ku da kuɗin wannan, na sani. Amma kuna da makulli. Ranar Asabar ɗaya a wata, mutum goma sha biyu, ma'aikaci ɗaya ya riƙa jawo ragar da aka rataye zane a jiki yana nunawa. Ko bango guda a benen sama da za a riƙa sauya abin da ke kansa duk wata, a bar 'yan makaranta ko direbobin bas ko ma'aikatan asibiti su zaɓa. Wanda ya zaɓi zane da hannunsa zai kawo danginsa kaf su gani.

Yanzu bari in juya gare ku, 'yan majalisa, domin ku ne kuke duban ma'ajiyar nan kuna lissafin abin da za ta kawo a gwanjo duk lokacin da asusu ya yi ƙasa. A Yulin 2014 majalisar Northampton a Ingila ta sayar da mutum-mutumin Sekhemka, wani sassaƙen dutse na tsohuwar Masar mai shekara sama da 4,000, a kan kusan fam miliyan 16, da hujjar za ta faɗaɗa gidan da kuɗin. Wanda ya saya bai bayyana kansa ba. Wata guda bayan haka hukumar kula da fasaha ta Ingila ta janye wa gidan shaidar amincewarta, abin da ya toshe masa ƙofofin tallafi na shekaru, daga baya kuma sassaƙen ya bar ƙasar. Asarar da ba ta shiga lissafi ita ce ta amana. Duk dattijon da ke tunanin barin wa gari abin da ya tara, in ya ga haka, sai ya sake shawara.

Ku kwatanta da Detroit ta Amurka. A 2013 birnin ya bayyana a kotu cewa ya karye, bashi ya kai wajen dala biliyan 18, masu bin bashi kuma suka sa ido kan gidan zane na birnin, har aka kira dillalan Christie's suka yi wa kayan da aka saya da kuɗin birni kima. Cikin kayan gidan akwai hoton kansa da Van Gogh ya zana, wanda birnin ya saya a 1922, ga kuma zanen bango mai sassa 27 da Diego Rivera ɗan Meksiko ya yi a 1932 zuwa 1933, na ma'aikatan masana'antar mota suna bakin aiki. A ƙarshe gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da masu tallafa wa gidan suka haɗa dala miliyan 816 da za a biya cikin shekara 20 don rage wa 'yan fansho asara, aka fitar da kayan daga hannun birni zuwa amana, ba a sayar da ko ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne shekara guda kafin rikicin. A 2012 mazauna gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, suka kaɗa ƙuri'ar ƙara wa kansu ɗan haraji a kan gidajensu don riƙe gidan zanen, su kuma aka ba su shiga kyauta. A 2020 suka sake amincewa. Mutum ba ya ƙara wa kansa haraji saboda ginin da yake jin tsoron tura ƙofarsa. Ranar da wuƙar rage kasafi ta zo kanku, masanin da ya zo daga babban birni ya rubuta yabo ba zai halarci zaman majalisa ba. Mutumin da ya ga bututun masana'antar mahaifinsa a bangonku, shi ne zai iya zuwa, in kun taɓa barinsa ya shigo.

Kada ku ɗauka ina cewa ku tsaya kan zanen gada da kogi kaɗai, kamar ɗan lardi bai cancanci ganin abin duniya ba. A 1952 Tom Honeyman, shugaban gidajen kayan tarihi na Glasgow ta Scotland, ya sayo wa birnin zanen Salvador Dalí na Almasihu a kan gicciye, a kan fam 8,200, har da haƙƙin buga hotonsa. Aka yi ca a kansa. Ɗaliban makarantar zane ta birnin suka kai koke cewa gara a kashe kuɗin wajen samar wa masu zanen gida wurin nuna aikinsu. Yau zanen na rataye a gidan Kelvingrove na birnin, shiga kyauta, mutanen Glasgow na ɗaukarsa nasu, kuma kuɗin buga hotonsa ya daɗe da mayar da abin da aka kashe. Honeyman ya yi daidai, domin saye ya yi, abin ya zauna, jikoki suka gada. Su ma ɗaliban ba su yi ƙarya ba. Mai zanen gadar nan da muka tsaya a gabansa, da yana raye wani ne ya ga aikinsa ya ce a ajiye. Wa ke yi wa masu zanen garinku na yau wannan? A Liverpool, gidan Walker na shirya gasar zane ta John Moores tun 1957, alƙalai na duba ayyukan ba tare da an nuna musu sunan mai su ba, David Hockney ya ci a 1967 yana matashi, kuma da yawa daga ayyukan da suka yi nasara sun zauna a gidan. Ƙaramin irin wannan ba zai gagare ku ba. Ku buɗe ƙofa sau ɗaya a shekara, kowa a lardin ya kawo aikinsa, a rufe sunaye, a zaɓa, ku sayi guda ɗaya ko biyu. Bayan shekara hamsin za ku ga kun tara abin da babu wani babban gida a duniya da ke da shi.

Saura lokacin buɗewa, shi kuma ba ya bukatar dogon bayani. Ƙarfe goma zuwa biyar lokacin aikin mutane ne. Magidancin nan hutun rabin yini ya ɗauka. Ku ba mu yamma ɗaya a mako har ƙarfe takwas, ko da za ku rage wata safiyar da ba kowa.

Da za mu rabu a bakin matakala, yarinyar ta tambayi mai gadin ko karen yana da suna. Ya ce bai sani ba, amma in ta raɗa masa zai riƙe. Ta ce sai ta yi tunani, za ta dawo ta gaya masa. Uban ya tambaye ni ko ranar Asabar ma ana buɗewa, don yana son ya kawo mahaifiyarsa ta ga bututun, sai dai ba ta iya doguwar tsayuwa, kuma bai ga abin hawa bene ba. Akwai shi, yana bayan kantin sayar da katuna, babu alamar da ke nuna shi. Na nuna masa da hannu.

Wata mai zuwa hanya za ta sake bi da ni ta garin. Zan hau ɗaki na uku in duba ko an kawo benci.

Naku,
Wani mai yawan tura ƙofarku